Waiwaye: Yadda Rubutun Jikin Kwalba Ya Zama Doka a Gidajen Kula da Tsofaffi

Mai lafiya da hankalinsa idan ya je kemis karɓar magani, yana tafe da wata kariya da shi kansa bai cika lura da ita ba. Ya san kalar ƙwayar da ya saba sha. In aka miƙo masa ja alhali fara ya sani, zai tsaya ya ce, "Malam, wannan ai ba irin ta wancan watan ba ce." Tsohon da ke kwance a gidan kula da tsofaffi a Amurka ko Ingila sau da yawa ya rasa wannan kariya. Ido ya yi rauni, kunne ya yi nauyi, wani ma ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa har sunan 'yarsa ya kan ɓace masa, balle sunayen ƙwayoyi bakwai ko takwas da yake haɗiya kullum. Abin da aka ɗora masa a tafin hannu, shi zai kai baki. Don haka rubutun da ke jikin kwalba shi ne bakinsa, shi zai faɗa wa ma'aikaciyar jinya cewa wannan nasa ne, wancan na maƙwabcin gadonsa.

Dokokin da suka tsare wannan rubutu, da waɗanda suka ce a kulle magani a kuma auna zafin wurin ajiyarsa, sun taru ne a hankali cikin fiye da shekara 150. Galibinsu sai da aka binne mutane aka rubuta su.

Farin gari biyu a kanti ɗaya

A watan Oktoba na 1858, a garin Bradford na Ingila, wani mai sana'ar alewa ya aika a sayo masa wani farin gari mai araha, dangin alli, wanda masu alewa na zamanin suke cuɗawa da sukari don rage tsada. Mai kantin maganin yana kwance ba lafiya, sai ya kwatanta wa yaron kanti inda gangar take. Yaro ya je ya auno daga wata ganga dabam. Gubar asenik ce. Aka yi alewa, aka kai kasuwa, mutum kimanin 20 suka mutu, sama da 200 suka kwanta. Babu wanda ya yi niyyar kisa, kuma kotu ba ta ɗaure kowa ba. Gari biyu ne masu kama ɗaya a wuri ɗaya, ba tare da wani abu da zai tsayar da hannun mai ɗiba ba. Bayan shekara goma, a 1868, majalisar Biritaniya ta yi dokar da ta wajabta cewa duk gubar da za a sayar sai an rubuta sunanta a jiki, da kalmar da ke nuna guba ce, da sunan mai sayarwa da adireshinsa.

A Amurka kuwa, ƙarshen ƙarni na 19 kakar masu maganin yaudara ce. Ana sayar da kwalabe da alkawarin warkar da komai, ba a faɗin abin da ke ciki. Wani shahararren ruwan magani da ake ba jarirai masu haƙori don su yi barci, mofin ne a cikinsa. Dokar abinci da magunguna ta 1906, wadda Shugaba Theodore Roosevelt ya sa wa hannu bayan dogon fafutukar masanin kimiyya Harvey Wiley, ta tilasta a rubuta a jikin kwalba idan akwai barasa, mofin, hodar ibilis, tabar wiwi da makamantansu.

Dokar ta bar babban giɓi, domin ba ta ce sai an gwada magani kafin a sayar ba. A 1937 kamfanin Massengill ya narkar da maganin sulfanilamide a cikin sinadarin diethylene glycol, ya ƙara masa ƙanshin 'ya'yan itace, ya tura kasuwa. Sama da mutum 100 suka rasu, da yawansu yara. Da hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta nemi laifin da za ta kama kamfanin da shi, abin da ta samu a doka kawai shi ne sunan da aka rubuta a kwalbar yana nufin magani mai barasa, alhali babu barasa a ciki. Da an sa masa wani suna, da hukuma ba ta da hurumin ƙwace shi. Dokar 1938 ta biyo baya: sai an nuna magani ba ya cutarwa, kuma sai takardarsa ta ɗauki bayanin yadda ake sha da gargaɗin da ya kamata. A 1951 aka raba magunguna gida biyu, waɗanda ba a bayarwa sai da takardar likita da waɗanda kowa ke iya saye. A 1962, bayan bala'in maganin thalidomide da ya sa aka haifi dubban jarirai da nakasa a Turai da wasu wurare, aka ƙara cewa sai sunan asali na magani ya fito a fili kusa da sunan kasuwa.

Duk waɗannan dokoki mutum ɗaya suka hango: mai saye wanda zai karanta kwalbarsa da idonsa. Ba su yi tunanin gida mai tsofaffi tamanin da ma'aikaciya ɗaya mai ɗauke da faranti ba.

Gidajen da doka ta haifa ba da niyya ba

Kafin 1935, tsohon da ya rasa mai riƙe shi a Amurka gidan gajiyayyu na ƙaramar hukuma ake kai shi, wurin da kowa ke ƙyama. Dokar tallafin jama'a ta 1935 ta ba tsofaffi matalauta kuɗin wata, amma ta hana biyan wanda ke zaune a irin waɗancan gidaje na gwamnati. Manufar ita ce a kashe gidajen gajiyayyu. Abin da ya biyo baya shi ne masu gidaje masu ɗakuna da yawa suka fara karɓar tsofaffi haya, suna ciyar da su, suna jinyarsu, suna karɓar kuɗin tallafin. Daga nan sana'ar ta samo tushe. A 1950 aka ce jihohi su fara ba irin waɗannan gidaje lasisi. A 1954 gwamnatin tarayya ta fara ba da kuɗin gina wasu. Da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan tsarin biyan kuɗin kiwon lafiya na Medicare da Medicaid a 1965, kuɗi suka kwararo, gidaje suka yi ta tsirowa, gini ya riga ƙa'ida nisa.

Ga yadda rabon magani yake a yawancin wurare a wancan zamani. Ma'aikaciya ta tsaya a gaban kabad, ta jera ƙananan kofunan takarda a kan faranti. Kusa da kowane kofi akwai ɗan kati mai sunan majinyaci da lambar ɗakinsa da sunan magani. Ta buɗe manyan kwalabe, ta zazzaga ƙwayoyi a kofuna, wani lokaci na safe da na rana duk a tashi ɗaya don rage wahala. Daga lokacin da ƙwaya ta bar kwalba ta faɗa kofi, ta rabu da sunanta. Faranti ya ɗan karkata a bakin ƙofa, katuna biyu suka zame, shi ke nan maganin hawan jinin wannan ya koma gaban wancan. Sau da yawa ma wadda ta zuba dabam, wadda za ta raba dabam, kuma ta biyun ba ta da horon jinya.

A 1962 wani masanin harhaɗa magunguna, Kenneth Barker, ya wallafa binciken da ya yi a asibiti ta wata hanya mai sauƙi: a bi ma'aikaciya da ido lokacin da take raba magani, a rubuta abin da ta bayar, a gwada da abin da likita ya rubuta. Kurakuran da ido ya gani sun ninka waɗanda ake kai rahoto ninkin ba ninki, saboda mafi yawan masu kuskuren ba su ma san sun yi ba. Cikin shekarun 1960 asibitocin jami'o'i suka fara gwada sabon tsari, a naɗe kowace ƙwaya ita kaɗai da sunanta da ƙarfinta a jiki, ta yadda ba za ta rabu da rubutunta ba sai a bakin gado. Gidajen tsofaffi suka ɗauki nasu salon: faffaɗan kati mai gurabe 30 ko 31, kowace rana da gurbinta, sunan majinyaci a sama. Da kallo ɗaya za a gane ko an ba da na jiya.

Abin da majalisa ta gani

Shekarun 1970 su ne shekarun tonon asiri. Sanata Frank Moss na jihar Utah ya jagoranci wani ƙaramin kwamitin Majalisar Dattawa da ya daɗe yana sauraron shaidu a kan gidajen tsofaffi, kuma a 1975 kwamitin ya fitar da rahoto na musamman a kan magunguna. An bayyana ma'aikata marasa horo da ke raba magani, da kabad ɗin da kowa ke iya buɗewa, da magungunan mamata da ake ajiyewa maimakon a zubar, da ƙwayoyin kwantar da hankali da ake ɗura wa tsofaffi don su yi shiru aiki ya yi sauƙi, da cin hancin da masu gidaje ke karɓa daga kantunan magani kafin su ba su kwangila.

Gyara ya riga ya fara taɓa wasu sassa. A 1969 masu harhaɗa magunguna da ke aiki da irin waɗannan gidaje suka kafa ƙungiyarsu. A 1970 aka yi dokar da ta kasa magunguna masu sa maye aji biyar, aka sa mofin da danginsa a aji na biyu mai tsananin tsaro. A 1974 gwamnatin tarayya ta wajabta wa gidajen jinya da ke karɓar kuɗinta su sa masanin magunguna ya duba jerin magungunan kowane majinyaci sau ɗaya a wata. Daga 1979 aka tilasta wa kamfanoni buga ranar ƙarewar wa'adi a jikin magani, abin da yau muke gani kamar tun fil azal yake. A 1982 wani da har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba ya zuba guba a kwalaben maganin ciwo na Tylenol a yankin Chicago, mutum bakwai suka mutu, daga nan murfi mai hatimi ya zama ƙa'ida.

Babban juyi ya zo a 1987. Shekara guda kafin nan Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta fitar da rahoto a kan ingancin kulawa a gidajen tsofaffi, majalisa ta ɗora dokar gyara a kansa, Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu. Ƙa'idojin da suka fito daga wannan doka su ne ƙashin bayan abin da ake bi har yau. Kowane magani sai an yi masa rubutu irin wanda masana suka yarda da shi, tare da gargaɗi da ranar ƙarewar wa'adi. Sai an ajiye shi a wuri mai kulle, cikin zafi ko sanyin da ya dace, kuma ɗan makulli yana hannun wanda aka ba izini kaɗai. Magungunan aji na biyu sai an ba su akwati na dabam mai nasa makullin, wanda aka kafe shi yadda ba za a ɗauke ba. Kuskuren rabon magani bai halatta ya kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma masu duba na gwamnati suna auna shi ne ta hanyar bin ma'aikaciya da ido, irin dabarar Barker. A 1991 likitan tsofaffi Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da bai kamata a riƙa ba mazauna irin waɗannan gidaje ba, jerin da ake sabuntawa har yanzu.

Wanda ya shiga irin wannan gida lokacin canjin aiki zai ga dokar tana tafiya da ƙafafunta. Ma'aikaciyar dare da ta safe suna tsaye a gaban amalanken magani mai aljihuna. Aka buɗe makulli na farko, aka buɗe na biyu. Ɗaya tana riƙe da littafi, ɗaya tana ɗaga katuna. Mai littafi ta kira sunan majinyaci da maganinsa ta ce saura goma sha huɗu, mai kati ta ƙirga gurabe ta amsa goma sha huɗu. Haka har kati na ƙarshe, sannan su biyu su sa hannu, ɗan makulli ya sauya wuya. In aka sami giɓin ƙwaya ɗaya, ta dare ba za ta tafi gida ba sai an san inda ta shiga.

Bayan an fasa hatimi

A nan ne tarihin ya iso wurin da doka da kamfani suka gaza, aiki ya koma hannun mai biro. Ranar da kamfani ya buga a jikin kwalba ta kwalbar da ba a buɗe ba ce. Da zarar allura ta huda robar murfi, wani sabon lissafi ya fara. Yawancin nau'o'in insulin kwana 28 suke yi bayan buɗewa. Ruwan gwajin tarin fuka kwana 30. Maganin ɗigon ido na latanoprost, wanda masu hawan jinin ido ke amfani da shi, mako shida. Babu na'urar kamfani da ta san ranar da aka buɗe. Sai dai ma'aikaciyar da ta buɗe ta rubuta a jiki. In ta manta, kwalbar za ta ci gaba da zama a aljihun amalanke da kamanninta na ƙalau, ƙarfinta yana raguwa, sukarin tsoho yana hawa, likita yana ƙara yawan allura bai san inda gizo ke saƙa ba.

Zafi ma haka. Firijin magani ana so ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salshiyos, ɗakin ajiya tsakanin 20 da 25. Insulin da ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya. Ƙwayar nitroglycerin da masu ciwon zuciya ke sawa ƙarƙashin harshe ana barinta a 'yar kwalbarta ta gilashi, don tana rasa ƙarfi in aka juye ta wani wuri. Shi ya sa ake manna takarda a ƙofar firiji ana rubuta awon sanyi kullum, aka hana ajiye abincin ma'aikata a ciki, aka raba maganin sha da na shafawa. Da aka sake fasalin ƙa'idojin a 2016, daga 2017 masu duba suna rubuta laifin rubutu da ajiya a ƙarƙashin lamba F761, kuma yana cikin laifuffukan da suka fi yawan samu. Abubuwan da suke tararwa ƙanana ne a ido: alƙalamin insulin babu ranar buɗewa, amalanke a buɗe a baranda ma'aikaciya ta shiga ɗaki, ƙwayoyi warwatse a gindin aljihu ba a san na wane ne ba.

Shekarun farko na wannan ƙarni sun tafi ne wajen toshe irin waɗannan ƙananan ƙofofi. Magunguna masu suna kusan ɗaya, kamar hydroxyzine na ƙaiƙayi da hydralazine na hawan jini, daga 2001 FDA ta nemi a riƙa rubuta harufan da suka bambanta su da manyan baƙaƙe. A 2004 hukumar tantance asibitoci ta hana wasu gajerun rubutu, ciki har da harafin U da likitoci ke sawa a ma'aunin insulin, domin a rubutun gaggawa yana kama da sifiri, 4 ta zama 40. A shekarar ce kuma aka wajabta lambar zane da na'ura ke karantawa a jikin magungunan asibiti. Duk da haka, rahoton Cibiyar Nazarin Lafiya na 2006 ya ƙiyasta cewa a wuraren jinya ta dogon lokaci ana samun cutarwar magani da za a iya kauce wa har kusan 800,000 a shekara. Daga 2013 aka rage yawan wasu magunguna masu tsada da ake kawowa lokaci guda zuwa na kwana 14 ko ƙasa, don kada su taru a kabad bayan majinyaci ya rasu ko an canza masa magani. A 2014 aka buɗe hanyar sanya akwatunan zubar da ragowar magunguna masu sa maye a cikin gidajen. A 2015 FDA ta ce a buga a jikin alƙalamin insulin cewa na mutum ɗaya ne, bayan an sha samun wuraren da ake canza allura kawai a soka wa mutane da yawa.

Ingila ta bi tata hanyar ta iso wuri guda. Tun 1973 take da ƙa'idar kabad mai kulle don magunguna masu sa maye. Amma binciken da Farfesa Nick Barber da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, a kan tsofaffi 256 a gidaje 55, ya nuna kowannensu yana shan magani takwas a matsakaici, kuma kusan bakwai cikin goma an yi musu kuskure aƙalla ɗaya. Yawancin gidajen suna da katunan zamani. Dalilan da masu binciken suka lissafa na mutane ne: ma'aikaci yana rabon magani ana katse shi da kira, aiki ya fi ƙarfin hannuwa, likita bai san majinyaci ba, takardar gida ta saɓa da ta kantin magani. A 2014 hukumar ƙa'idojin kiwon lafiya ta Ingila, NICE, ta fitar da jagora na musamman a kan sarrafa magunguna a gidajen kulawa, wanda ya ba horar da ma'aikata da daidaita takardu muhimmanci kamar yadda ya ba kabad.

Namu gidan tsofaffin

A ƙasar Hausa tsoho a ɗakinsa yake tsufa, 'ya ko suruka ko jika ke miƙa masa magani. Wannan alheri ne, domin mai bayarwa ya san wanda yake ba. Sai dai matsalolin da suka sa waɗancan ƙasashe rubuta dokoki suna nan a gefen gadon Baba da Inna. Ƙwayoyi a 'yar leda ko ambulan, babu suna, sai zane uku da mai kemis ya yi da biro, safe da rana da dare. Ledar Baba da ta Inna a gwangwani ɗaya. Gwangwanin a kan taga, a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40. Firiji kuma sai yadda wuta ta ga dama. Gubar da ta kashe mutane a Amurka a 1937 ita ce ta kashe yara a Jos da Ibadan a 1990, ta sake yin ɓarna a 2008 ta cikin wani maganin haƙorin jarirai, don haka lambar NAFDAC da ranar wa'adi a jikin kwali ba ado ba ne.

Mafi yawan abin da tarihin nan ya koyar ba ya bukatar kuɗi. A roƙi mai kemis ya rubuta sunan magani da ƙarfinsa da sunan mai shi a jikin leda. Kowane tsoho da gwangwaninsa, a wuri mai inuwa da jikoki ba sa kaiwa. Ranar da aka buɗe insulin ko maganin ido a rubuta ta nan take. Inda babu firiji, masu ciwon sukari a Sudan da wasu ƙasashe masu zafi sun daɗe suna amfani da sanyin tukunyar ƙasa, a rufe kwalbar cikin abin da ruwa ba zai shiga ya goge rubutun ba. Mutum ɗaya a gida ya riƙe littafin magani, a tafi da littafin da ledojin duka ranar ganin likita. Amurka da Ingila sun kashe shekaru da rayuka kafin su yarda cewa ƙwaƙwalwar mai jinya, komai ƙaunarsa ga majinyaci, tana gajiya tana mantuwa, shi ya sa suka mayar da nauyin kan rubutu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.